Me ke jefa yaranmu cikin sara-suka? Muhawarar mutanen unguwannin Kaduna

Baban Ummi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da kowa ke yi a majalisa, amma a gurguje ake yin ta. Duk ranar da aka sari wani a kan waya, ko yaran wannan layi suka yi arangama da na wancan, sai ka ji an ce "talauci ne" ko "rashin tarbiyya ne", a yi Allah ya shirya, a watse. Ni dai waɗannan amsoshi biyu ba su gamsar da ni ba. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya, amma wa yana gyaran babur a bakin titi, ƙane yana yawo da barandami a cikin riga. Talaucin nan tare suka sha shi, tarbiyyar ma hannu ɗaya ne ya ba su. To me ya raba su? Na san Kano na fama da 'yan daba, Gombe na da 'yan kalare, Katsina kauraye, Yola 'yan shila. Amma ni namu nake tambaya, 'yan shara da sara-sukan garin nan. Wanda ya ga wani abu da idonsa ya faɗa mana, don Allah ban da zagi.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Kakuri:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, kada ka yi saurin ture maganar talauci gefe. Ku yaran yanzu ba ku ga Kakuri da Makera lokacin da suke raye ba. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, UNTL da Arewa Textiles da Nortex, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot. In aka busa tashi daga aiki, titi ba ya biyuwa saboda kekuna da mutane. Saurayi ya gama firamare ko sakandare, kawunsa ya kama hannunsa ya kai shi bakin ƙofar masaƙa, shi ke nan ya samu abin yi. Kuma ba ma'aikaci kaɗai ke ci ba: mai tuwo, mai shayi, tela, mai gidan haya, duk a jikin masaƙa suke. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Mutane da dama cikinmu sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Yaran da aka haifa a shekarun nan su ne samarin yau, kuma sun buɗe ido sun ga ubansu zaune a ƙofar gida da rana tsaka. Uban da ba ya iya ba da kuɗin karin kumallo, muryarsa ba ta da nauyi a kunnen ɗansa. Da ciwo, amma haka abin yake.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ba. Amma ai an rufe masaƙa a kan kowa, ba kowa ne ya ɗauki wuƙa ba.

Malamar Firamare, Rigasa:
Bari in sa baki daga ɓangaren makaranta. Ajin da nake koyarwa ya haura yara 100, da yawansu a ƙasa suke zama. Lokacin da aka fara ciyar da ɗalibai a 2016 azuzuwa suka cika maƙil, abin farin ciki ne, sai dai ba a samu ƙarin azuzuwa da malamai daidai da yawan yaran ba. A 2017 kuma aka sallami malamai fiye da dubu 21 bayan jarrabawar gwaji, aka ɗebo sababbi. Ba na son mu shiga gardamar ko daidai ne ko ba daidai ba. Abin da nake so ku gane shi ne, a irin wannan aji yaro zai yi mako bai zo ba, malami bai lura ba. Ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba. Kunya ta hana shi zama cikin 'yan'uwansa, sai ya fara tsayawa a bayan katanga. A bayan katangar nan kuwa akwai waɗanda suka riga shi, kuma su suna lura da shi. Suna tambayarsa ko ya ci abinci. Wallahi akwai yaran da a rayuwarsu ba wanda ya taɓa ce musu "ina ka shiga jiya?" sai waɗannan.

Ɗan Kasuwa, Kawo:
Malama, ki yi haƙuri, irin wannan tausayi ne ya kai mu inda muke. Ƙanen matata a gaban shagona aka sare shi a hannu saboda waya, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Wanda ya sare shi ba yunwa yake ji ba, takalmin ƙafarsa ya fi nawa tsada. A kama su, a hukunta su, a daina ba da beli. Sannan a kwashe almajiran da suka cika gari, don daga cikinsu ake samun waɗannan.

Wanda Ya Fito Daga Ciki:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ba zan faɗi sunana ko unguwarmu ba, za ku gane dalili. Na yi wannan rayuwa, Allah ya fitar da ni, yanzu ina tuƙa keke napep.

Alhaji na Kawo, Allah ya ba ƙanen matarka lafiya. Amma maganar almajirai ba haka take ba. A cikinmu kusan kowa ɗan gari ne, da uwarsa da ubansa a layin. Almajiri baƙo ne, tsoron unguwa yake ji, in an yi faɗa ba shi da gidan da zai ruga ya ɓuya. Mu kuwa mun san kowane lungu, mun san gidan da za a buɗe mana ƙofa.

Baban Ummi ya tambayi abin da ke raba wa da ƙane. Ni abin da na gani, sau da yawa duka ne. Ina yaro, hanyar islamiyyarmu ta cikin wani layi take bi, yaran layin kuma suna gaba da namu tun kafin a haife ni, ba wanda zai iya gaya maka asalin rigimar. Suka tare ni, suka tambayi layinmu, na faɗa, suka fasa min baki suka karɓe takalmina. Na je gida, aka ce in yi haƙuri in canza hanya. Da yamma manyan layinmu suka ga bakina, ba su ce in yi haƙuri ba. Suka ce in nuna musu wanda ya yi. A daren suka rama min. Ku sa kanku a matsayin yaro ɗan shekara 13: gida an ce ka haƙura, waje an tsaya maka. Wa za ka ɗauka a matsayin naka?

Daga nan bashi ya hau kanka. Ba wanda zai ce maka "zo ka shiga ƙungiya", babu takarda, babu rantsuwa. Aike ne: sayo mana sigari, riƙe wannan wayar zuwa gobe, ɓoye wannan addar a gidanku tunda ba a zarginka, tsaya a bakin layi in ka ga motar sintiri ka yi fito. Ranar da aka taɓa ɗaya daga cikinsu, in ba ka fito ba ka zama maci amana. Sai a laƙaba maka suna. Kada ku raina wannan suna. Yaron da a gida ake kiransa "kai", a makaranta ba a san da shi ba, yau in ya shigo layi ana tashi ana ba shi wuri, 'yan mata sun san shi, mai shayi ba ya tambayarsa kuɗi. Ni kuɗi bai ja ni ba, daga baya ya zo.

Ƙwaya ma daga baya take zuwa. Mutum da hankalinsa ba zai iya fuskantar gariyo ba, sai an kashe tsoro. Tiramol, roci, wiwi, na ƙasa-ƙasa kuma sholisho. In jiki ya saba, sai ya zama kullum kana bukatar kuɗinta, to a nan ne ƙwacen waya ke shigowa. Wayar kuma ba mu ke amfani da ita ba. Akwai manya masu shago da ke karɓa a wulaƙance, su farke ta su sayar da kayan cikinta. Su ba a kiransu 'yan shara, a sahun gaba suke sallah.

Maman Sadiq, Unguwar Sanusi:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya tabbatar da kai a kan shiriya. Ka sa ni kuka. Akwai abu ɗaya da maza ba sa lura da shi, mu mata mun san shi. Yawancinmu gidan haya muke, ɗaki ɗaya ko ciki da falo. Yaro namiji ya fara girma, ba zai ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da iyayensa da ƙannensa mata ba. Sai a ce ya je ya riƙa kwana a shago ko ɗakin samari na maƙwabta. Daga ranar uwa ba ta san lokacin da yake kwanciya ba, ba ta san da wa yake kwana ba, ba ta san abin da ke ƙarƙashin katifar ba. Da safe zai shigo ya gaishe ki ya sha koko, ki ce ɗanki lafiya lau. Sannan ga sakin aure. An saki uwa, ta tafi wani gidan, uba ya kawo amarya, yaro ya koma hannun kaka wadda ba ta iya bin sa ko zuwa bakin ƙofa. Ku ƙirga yaran da kuka sani a wannan harka, ku ga nawa ne uwarsu ke cikin gidan ubansu.

Ɗan Kasuwa, Kawo:
Hajiya, gaskiya ne. Amma ki faɗi ɗaya gefen. Uwa ce ke wanke rigar da ta dawo da jini, ita ce ke cewa ba ya nan in an zo nemansa, ita ce ke sayar da akuya ta kai kuɗin beli.

Maman Sadiq, Unguwar Sanusi:
Alhaji, ana yi, ban ce ba a yi ba. Amma ka tambayi kanka me ya sa take ɓoye shi. Ta ga ɗan maƙwabciyarta da aka tafi da shi a kan satar waya, ya daɗe a tsare ba a yanke masa hukunci ba, ya dawo ya fi da lalacewa. Ka nuna mata inda za ta kai ɗanta a gyara shi ba a kashe shi ba, ka ga ko ba za ta kai shi da hannunta ba. Kun manta abin da aka gano a Rigasa a watan Satumba na 2019? 'Yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabo. Da yawansu iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi. Ba ƙiyayya ce ta sa ba, rasa inda za su nufa ne.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:
In ƙara a kan maganar Maman Sadiq. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A watan Mayu na shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada, yara suka koma kan abin da ya fi arha. Hani kaɗai ba ya warkar da wanda jikinsa ya riga ya kamu. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a nan Barnawa, ana kula da masu shaye-shaye, amma iyaye da yawa suna jin kunyar a ce ɗansu ya je "asibitin mahaukata", wasu kuma kuɗin jinya ne ya fi ƙarfinsu. Shaye-shaye ciwo ne da ake magani, kuma gara a zo da wuri.

Ɗan Narayi:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, a Tudun Wada aka haife ni, rikicin 2000 ne ya mayar da mu ƙetaren kogi. Kada ku ɗauka abin na gefenku ne kaɗai. A Narayi da Sabon Tasha da Television muna fama da ƙungiyoyin asiri na samari, suna da launinsu da gaisuwarsu, har 'yan sakandare suke ja. Abin da ɗan'uwanmu ya faɗa game da kariya da suna, haka yake a wajenmu.

Amma akwai abin da mu manya ba ma son tunawa. A rikicin 2000, da na 2002, da na 2011, su wa muka tura bakin layi su tsare unguwa? Samarin nan ne, a ɓangarorin biyu. A daren tashin hankali wanda ya fi kowa taurin kai shi ne gwarzo, mata na dafa masa abinci, dattawa na sa masa albarka. Ƙura ta lafa, ba wanda ya karɓi makamin, ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya gani. Ƙannensa sun tashi suna jin labarinsa. Mu muka koya musu cewa unguwa iyaka ce, na ƙetare abokin gaba ne. Yau sun rage iyakar ta dawo layi da layi.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Ɗan'uwa, wannan magana ta shige ni. Gidajenku na da muna wucewa ta gabansu kullum.

Ɗalibin Jami'a, Unguwar Dosa:
Ba wanda ya taɓo 'yan siyasa har yanzu. Lokacin kamfe wa ke cika motoci? Wa ke yage fastar abokin hamayya? Ai ba 'ya'yan ɗan takara ba ne.

Wanda Ya Fito Daga Ciki:
Ƙanena, ka faɗi gaskiya. Lokacin zaɓe shi ne kakarmu. Ɗan takara ba ya zuwa da kansa, akwai mai haɗawa. A kawo riguna, a kawo kuɗin mai, a ba shugaba kuɗi ya raba, kowa ya san abin da za a saya da su. Abin da ya fi kuɗin ma shi ne lambar waya. In aka kama ɗayanmu, kira ɗaya ake yi ya dawo gida ya kwana. Yaro na ganin haka zai gane cewa wanda ke cikin ƙungiya yana da gata, wanda ke zaman kansa ba shi da kowa. An gama zaɓe lambar ta daina shiga, makamai kuwa suna hannu, jiki ya saba da kashe kuɗi. Ku lura da watannin bayan zaɓe, za ku ga yadda ƙwace ke ƙaruwa a unguwa.

Fita kuma ta fi shiga wuya, nan ne nake so iyayenmu su ji. Ranar da ka ajiye, abokan gabarka ba su san ka ajiye ba, in sun sani ma ba ruwansu, tabon da ka yi musu yana nan. Naka kuma suna zargin ka koma kai rahoto. Duk abin da ya ɓace a layi gidanku za a fara zuwa. Ka je neman koyon sana'a, oga ya ga tabon fuskarka ya ce babu wuri. Ka je neman aure a ce an yi mata miji. Na san waɗanda suka tuba da gaske, suka yi watanni suna jam'i, da suka ga ko'ina a rufe suka koma inda ake yi musu maraba. Ni abin da ya cece ni, wani kawuna ne ya ɗauke ni daga unguwar gaba ɗaya, ya tsaya min aka ba ni keke.

Limamin Masallacin Layi, Badarawa:
Allah ya saka wa kawunka da alheri. Mu ma masu mumbari akwai gyara a wajenmu. Muna tsine wa yaran nan a huɗuba alhali ba sa cikin masallacin, iyayensu ne ke zaune suna sunkuyar da kai. A garin nan muna da misali a gabanmu: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Dukansu sun jagoranci matasa masu faɗa da juna, Fasto Wuye har hannunsa ya rasa a rikicin 1992, amma suka dawo suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a 1995, ana gayyatarsu ƙasashe suna sulhu. Da an rufe musu ƙofa saboda abin da ya wuce, da ba a ci moriyarsu ba. Alhaji na Kawo, haƙƙin wanda aka sara yana nan, dole a bi masa, addini bai yafe jinin kowa ba. Amma hukunta wanda ya yi laifi daban, toshe hanyar wanda ya dawo daban.

Ɗan Kasuwa, Kawo:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa wanda ya zubar da jini ya fuskanci shari'a, kuma a haɗa da mai sayen wayar da mai yin kiran beli. In an fara kama waɗannan biyun zan yarda da gaske ake yi. Maganar almajirai kuma na bar ta tunda wanda ya san ciki ya yi bayani.

Ogan Walda, Panteka:
Tun ɗazu nake karantawa. Mu a Panteka yara muke koya wa walda, ƙira, kafinta, haɗa tukwane da injina, kuma wasu daga cikin ƙwararrun da nake alfahari da su a da 'yan layi ne. Mai ƙarfin zuciyar riƙe adda yana iya riƙe guduma daga safe har yamma. Amma kada a yaudare ku, ba sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama matsala, yaro daga Rigasa ko Hayin Banki in ba a ba shi na zuwa da na abincin rana ba, mako biyu zai daina zuwa. Watannin farko kuma ba ya kawo ko sisi, ɓarnar kaya ma yake yi. Oga shi kaɗai ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Ga abin da zan iya. Zan karɓi yara biyu. Sharaɗina, kowanne ya zo da babba ɗaya da zai tsaya masa, uba ko kawu ko mai unguwa, wanda zan kira in yaro bai zo ba. In yana shan wani abu a gaya min tun farko, kada a ɓoye, don aikinmu da wuta da injin yanka ne.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Oga, Allah ya biya ka. Kuɗin mota da abincin yaro ɗaya na wata uku yana wuyana. Wa zai ɗauki na biyun?

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:
Ni zan ɗauka. Kuma duk wanda za a kawo, a fara turo min shi in haɗa shi da likita ya duba shi kafin ya fara aiki.

Maman Sadiq, Unguwar Sanusi:
Akwai ɗan maƙwabciyata, shekararsa 16, uban ya rasu, bai daɗe da fara bin su ba. Zan je in same ta bayan la'asar. Oga, in babu kawu a kusa, mai unguwarmu zai wadatar?

Ogan Walda, Panteka:
Zai wadatar, Hajiya, in dai zai zo da ƙafarsa mu ga juna. Ku zo ranar Asabar da safe kafin aiki ya kankama, yaron ya sa rufaffen takalmi.